Motarka Ma Tana Shaƙar Ƙurar Hunturu

Duk wanda ya taso daga Mandera da hunturu, ya hau babbar hanyar da ta bi ta Bodinga da Shagari, ya san yadda hazo yake. Mutum ya naɗe hanci da rawani, amma injin mota fa? Shi ma numfashi yake yi. Kafin ya ƙone lita 1 ta fetur, sai ya zuƙi iska wajen lita 9,000. Abin da yake tare masa ƙura shi ne matatar iska, wadda makanikai ke kira filta.

Ƙurar nan iska ce take kwaso ta daga hamadar Sahara, tun daga Nuwamba har zuwa Maris. Ga ido gari ce mai laushi, amma in ta shiga cikin inji sai ta yi ta cin zoben fistin kamar dutsen wasa wuƙa. Ba da jimawa ba mota ta fara shan baƙin mai, tana hayaƙi. Kuɗin makarantar yara kuwa sai ya tafi gareji.

Samari da yawa sukan cire matatar da mota ta zo da ita, su sa dogon bututu mai matata kamar mazurari a bakinsa, don inji ya sami iska mai sanyi. Gaskiya ne, iska mai sanyi ta fi kauri, tana taimakon wutar inji. Amma a ƙasa irin tamu wannan matata tana bukatar lura sosai.

Ga yadda za ka yi, maigida. Ka bar inji ya huce. Ka kwance matatar, ka toshe bakin bututu da tsumma mai tsabta. In ta auduga ce mai shan mai, ka jiƙa ta da ruwa da sabulu mara ƙarfi, sa'an nan ka ɗauraye daga ciki zuwa waje, don datti ya fita ta inda ya shigo. Ka ajiye ta a inuwa ta bushe sarai. Kada ka wanke da fetur, kada kuma mai faci ya busa mata iskar taya, gama za ta huje. Bayan haka ka shafa man da aka yi dominta kaɗan kaɗan. In ya yi yawa zai ɓata na'urar auna iska, mota ta riƙa sheshsheƙa.

Matatar takarda kuwa ba a wanke ta, ba a sa mata mai. Ka kakkaɓe ta a hankali, ka ɗaga ta wajen rana. In haske bai ratsa ba, sai sabuwa.

Kafin ka tashi mota, ka tuna ka cire tsumman nan, ka ɗaure bututu tamau, ka duba ko ya tsage. Da damina kuma, in bakin bututun yana kusa da ƙasa, kada ka shiga ruwa mai zurfi. Inji ya zuƙi ruwa, ya lalace ke nan.

Da hunturu ka riƙa duba matatarka kowane mako. Ka kira ɗanka ya riƙe maka sifana, shi ma ya koya. Rigakafi ya fi magani.