Zurfin Ciki ko Rashin Gane Halin Zuciya? Tsokaci Daga Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi

Maƙasudin wannan takarda shi ne jawo hankalin manazarta ga wata lalura wadda Peter Sifneos, likitan ƙwaƙwalwa a Jami'ar Harvard ta Amurka, ya raɗa wa suna aleksitimiya a 1973. Mai ita ba ya iya tantance abin da ke ransa, ko tsoro ne ko fushi ko ɓacin rai, balle ya faɗe shi. Abin da jiki ya ji kawai yake kawowa.

Binciken Honkalampi a Finlan a 2000 ya nuna lalurar ta fi yawa ainun ga masu ciwon damuwa. A Italiya kuwa, a 1999, Porcelli ya same ta ga kusan kashi biyu cikin uku na masu fama da ciwon ciki da kumburi da gudawa, waɗanda awo bai nuna musu rauni ba. Dalili kuwa, jijiyoyi sun haɗa ƙwaƙwalwa da hanji, ta yadda tashin hankali kan sauya motsin hanjin. Bahaushe bai yi nisa da wannan ba, domin a ciki ya ajiye farin ciki da baƙin ciki.

To, a ƙasashen Zurmi da Shinkafi da Ƙaura Namoda, inda hare-haren 'yan bindiga suka tsananta bayan 2011, wanda ya rasa ɗa ko gona idan an tambaye shi sai ya ce, "Lafiya lau, sai dai olsa." Daga nan sai kantin magani, kwalba bayan kwalba. Ba a ce gyambon ciki ƙarya ne ba. Wajibi ne a fara yin awo.

Inda gizo ke saƙar shi ne ma'aunin Toronto na 1994, mai tambayoyi 20, wanda ake gano lalurar da shi. Mai zurfin ciki ya san abin da ke damunsa, ɓoyewa yake yi. Haka matar da kunya ta hana ta ambaci sunan ɗan farinta da aka kashe. A ganina, in aka fassara ma'aunin kai tsaye, zai haɗa su da marasa lafiya, alhali tarbiyya suka bi. Ya kamata malaman Hausa su zauna da likitocin asibitin ƙwaƙwalwa na Kware, a tsara tambayar da za ta raba "ba zan faɗa ba" da "ban sani ba."