Kafin ka biya kuɗin allon fom da tef ɗin baki, ga abin da za ka duba

Jama'a, aikin kabad ɗin kicin da wadirob ya karɓu a hannun kafintocinmu na Legas da Ibadan da Fatakwal. Saboda damshin Kudu, inda allon MDF kan kumbura da zarar ruwa ya shige shi, masu gida da yawa sun koma neman allon fom na PVC, wanda ruwa ba ya kumbura shi. Matsalar ita ce ido kaɗai ba ya raba mai kyau da na banza, duka fari ne fat. A kara na tashi, inda ba a sayen sa sai an buɗe bakinsa an ga haƙora. To, wannan kayan ma haka yake.

Mu fara da allon. Girmansa ƙafa 4 da ƙafa 8 ne, wato milimita 1220 da 2440. In ka ce a ba ka mai kaurin milimita 18, kada ka tsaya ga rubutun jikinsa. Ka tafi da ɗan ma'aunin kauri, ka auna kusurwa huɗu, don wani 17 ne ake sayarwa da sunan 18.

Sai nauyi. Akwai lambar da ke nuna cikar allo, misali 0.55. Mai kauri 18 da ke da wannan lamba ya kamata ya kai wajen kilo 29 da rabi a sikeli. In ka ga ya tsaya a 24 ko 25, cikinsa soso ne, ƙusa mai zare ba za ta riƙe ba, nan da 'yan watanni ƙofar kabad ta saki. Amma fa nauyi kaɗai ba shaida ba ne, don wasu masana'antu na cika garin alli su rage roba. Irin wannan ga nauyi, ga saurin karyewa. Ka nemi guntu ka lanƙwasa: in ya karye ƙas kamar biskit, bar musu kayansu. Ka danna farce a fuskarsa, mai kyau ba ya lotsawa da sauƙi. Ka duba inda aka yanka, in ramukan manya ne kamar cikin burodi, ba na aiki ba ne.

Yanzu tef ɗin roba da ake liƙa wa bakin allo. Kaurinsa kan fara daga milimita 0.4 zuwa 1 har 2. Ƙofa da saman tebur, inda hannu ke yawan taɓawa, 1 ko 2 suke so. Allo mai 18 kuma tef mai faɗin 22 ake sa masa, don a samu abin datsewa. Ka lanƙwasa shi sosai. In farin layi ya fito ko ya tsage, alli ya yi yawa. Ka kankare gefensa da wuƙa ka ga ko launin ya ratsa ciki, in ba haka ba bayan datsa farin zare zai zagaye ƙofar baƙin kabad. Bayansa kuma akwai wani shafi da ke sa gam ya kama. In babban aiki ne, sayi kaɗan ka liƙa a guntu, ya kwana, ka ja ka gani. Launi kuwa a hasken rana ake haɗa shi da allo, ba a ƙarƙashin fitilar shago ba, kuma ka sayi duk abin da aikin zai ci lokaci guda, don zuwa na biyu kan ɗan bambanta.

Ko a Amu ta Mushin kake saye ko a Bodija, shawarata ita ce ka duba wanda ake lodawa a mota, ba samfurin da aka nuna maka ba, kuma a rubuta kauri a rasit. Ranar da tef ya ɓare, mai gida ba ya neman ɗan kasuwa, kai zai kira, ya riƙe cikon kuɗinka, ya kuma faɗa wa maƙwabta. Araha dai ba ta ado. Allah ya sa albarka a sana'a.