Ciwon Ƙin Abinci: Yadda Warkewarsa Take

Yunwa kam mun san ta. Mun san ramar yaro a shekarar fari, mun kuma san maganinta, wato a kawo hatsi. Amma akwai wani ciwo wanda rumbu yana cike, tukunya tana kan murhu, yarinya kuwa tana ta ramewa, gama tsoron abinci take ji kamar yadda wani yake tsoron maciji. Ta dubi madubi, ƙasusuwa duk a waje, ta ce jiki ya yi mata yawa. Likitoci suna ce da shi anoreksiya. Wani likitan Ingila, William Gull, shi ya raɗa masa sunan a 1873. Akwai kuma ɗan'uwansa, bulimiya, inda mutum zai ci har ya wuce kima, sa'an nan ya je ya amayar a ɓoye. 'Yan mata suka fi kamuwa, amma samari ma ba su tsira ba. A Turai da Amurka aka fi bincikensa, duk da haka an same shi a Afirka da Asiya. Yana kisa kuwa. Mawaƙiyar nan ta Amurka, Karen Carpenter, zuciyarta ta tsaya a 1983, tana da shekara 32, bayan ta daɗe tana fama da shi.

To, yaya warkewa take? Domin mu gane, bari mu fara da labarin waɗansu mutane masu lafiya waɗanda suka yarda a sa su yunwa.

A 1944, ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu, wani masani mai suna Ancel Keys a Jami'ar Minisota ta Amurka ya nemi sanin yadda za a ciyar da waɗanda yaƙi ya bari da yunwa. Samari 36 aka zaɓa, dukansu waɗanda lamirinsu ya hana su ɗaukar bindiga. Waɗansunsu 'yan Ekklesiyar 'Yan'uwa ne, wadda ta aiko da masu bishara Garkida a 1923. Mako 24 ana ba su wajen rabin abin da suka saba ci, yawanci dankali da burodi da taliya, suna kuma tafiyar mil 22 a ƙasa kowane mako. Nauyinsu ya ragu da misalin kashi ɗaya cikin huɗu.

Ramar ba ta ba kowa mamaki ba. Abin mamakin shi ne halinsu. Samarin da dā suke da fara'a suka zama masu saurin fushi, masu son kaɗaici. Ba su da zance sai na abinci. Waɗansu suka shiga tara littattafan girki. Waɗansu sukan yayyanka ɗan abincinsu ƙanana ƙanana, su daɗe suna wasa da shi a faranti. Duk uwar da ta yi jinyar mai anoreksiya za ta ce, ai 'yata ke nan. Ashe yawancin abin da muke ɗauka taurin kai ne, ko rashin kunya, ko aikin iskoki, yunwa ce take magana. Ƙwaƙwalwar da ba ta ci ba, ba ta jin lallashi, ba ta jin wa'azi. Saboda haka likitoci suka ce abinci shi ne magani na fari. Ba a jira sai yarinya ta ce tana so ta warke. Sai ta ci tukuna, son warkewar ya biyo baya.

Sa'ad da aka soma ƙara wa samarin nan abinci, sun zaci wahala ta ƙare. Ina! Da yawa a cikinsu sun ce lokacin nan ya fi na yunwar wuya. Baƙin ciki ya ƙaru, har ɗaya ya sare yatsunsa uku da gatari. Da aka sake su su ci yadda suka ga dama, sai su ci su ci, ciki ya cika, amma ƙoshi bai zo ba. Keys ya ga ƙwayoyin bitamin ba su tsinana kome ba in abincin bai isa ba. Waɗansu sai da suka yi shekara ɗaya ko biyu kafin su ji sun koma daidai.

In masu lafiya sun sha haka, ina ga wadda tsoro yake zaune a zuciyarta? A makonnin fari cikinta yakan kumbura da loma kaɗan, gama hanjin ya manta aikinsa. Bayan gida yakan yi wuya, ƙafafu su kumbura, gumi ya jiƙe ta da dare. Naman da ya fara dawowa a ciki yake taruwa, sai bayan watanni ya bazu ko'ina a jiki. Abin da ta fi tsoro ke nan, ga shi kuwa tana gani da idonta. Masu warkewa sukan ce kamar wata murya ce a kansu, tana zaginsu bayan kowace loma. Don haka kuka a bakin akushi ba alamar jinya ta ɓaci ba ce. Sau da yawa alama ce an taɓa ciwon.

Faɗakarwa ɗaya a nan. Wadda ta rame ƙwarai, kada a ɗura mata abinci da yawa farat ɗaya a gida. Gishirin da ke cikin jini yakan faɗi, zuciya ta tsaya. A fara a hannun likita, yana auna jini da bugun zuciya.

Dā can likitoci da yawa sukan ɗora wa iyaye laifi, su raba yarinya da gida. A asibitin Maudsley da ke Landan aka gwada wata hanya dabam, a 1987 kuma aka buga sakamakon: yaran da ciwon bai wuce shekara uku a jikinsu ba sun fi samun sauƙi in an sa iyalinsu cikin jinyar. Uwa da uba su ne za su ɗauki ragamar abinci. Su dafa, su zuba, su zauna tare da ita har ta gama, ba duka, ba gori, ba ciniki. Bayan cin abinci a zauna da ita kamar awa guda, don kada ta je ta amayar. In jiki ya dawo, sai a riƙa mayar mata da ragamar kaɗan kaɗan. Aiki ne mai cin rai, sau uku a rana har da na tsakani, wata da watanni. Dole uba da uwa bakinsu ya zama ɗaya, gama ciwon ya iya neman ƙofar da ba a kulle ba.

Mu 'yan'uwa a ikilisiya fa? A wurinmu in aka ce wa mutum, "Kai, kin yi ƙiba, kin yi kyau," yabo ne. Ga mai wannan ciwo kuwa maganar tana iya rushe aikin wata guda. Gara a ce, "Mun yi murnar ganinki." In an sa azumi, fasto ya gaya mata a fili cewa ban da ita. A yi mata addu'a, amma kada addu'ar ta hana zuwa asibiti. Mukan tuna da 'yar Yayirus a Markus sura 5, yarinya mai shekara 12. Da Ubangiji ya tashe ta, mutanen gida suna ta al'ajabi, shi kuwa ya umarta a ba ta abinci. Ya yi nasa, ya bar wa iyayen akushi.

Sauƙi yakan zo a hankali. Sanyin da take ji kullum ya ragu, gashi ya daina zuba, al'adar wata ta dawo. Wata rana a ji ta tana dariya da ƙannenta, tana cin tuwo tana zancen makaranta. Tsoron dai shi ne na ƙarshen tafiya, yakan daɗe bayan jiki ya murmure. Likitoci a Boston sun bi sawun waɗansu mata masu anoreksiya, suka buga abin da suka gani a 2017. Bayan shekara 9, wajen ɗaya cikin uku ne suka warke. Bayan shekara 22, sun kusa biyu cikin uku. Waɗanda aka tari ciwonsu da wuri sukan fi saurin tashi.

Ciwon yakan so ya komo, musamman lokacin jarrabawa, ko rasuwa, ko tafiya makarantar kwana. In aka ga ta fara cewa ta riga ta ci a waje, ko tana tura tuwonta gaban ƙanenta, a koma wurin likita a makon nan, kada a jira ƙarshen wata.