Kwamfuta Ta Farka, Maɓallai Sun Ƙi Ji: A Daina Danne Makunni

Ɗan yayata yana shekarar ƙarshe a jami'a, kuma a ɗakina yake rubuta kundinsa na kammala karatu saboda hayaniyar gidansu. Tsohuwar laftof ce da shi, wadda Windows ya yi wa nauyi, sai wani abokinsa ya sa masa Debian tare da i3, ɗaya daga cikin ƙananan manhajojin nan masu tsara tagogi a fuskar kwamfuta. A i3 kusan komai da haɗin maɓallai ake yi: ka danne babban maɓalli ka buga Enter, wurin rubuta umarni ya buɗe, ka danne shi ka buga 2, ka koma fili na biyu. Kibod ɗin laftof ɗin ya mutu tun bara, don haka ya sayo na waje mai USB. Shi kuma wannan, maɓallinsa mai tambarin Windows yana maƙalewa, sai abokin ya mayar masa da Caps Lock ya zama babban maɓallin.

To, ga yadda abin yake faruwa. An ɗauke wuta, batiri ba ya riƙe caji, sai ya rufe murfi kwamfuta ta yi barci. An dawo da wuta, ya buɗe, rubutunsa na nan a gabansa, amma duk haɗin da ya buga shiru. Me zai yi? Sai ya ɗora yatsa a kan makunni ya danne har fuska ta yi baƙi. Sau huɗu na ga ya yi haka cikin mako guda ban tanka ba. A na biyar sai ya tashi da asarar shafi shida na babi na uku, waɗanda bai adana ba tun bayan azahar.

"Kawu, ai ta sandare ne," in ji shi.

Na ce masa, "Da ta sandare, ka gwada buga ko harafi ɗaya a cikin rubutun?"

Bai gwada ba. Da ya gwada, da ya ga haruffa suna fita sarai, wasu manya wasu ƙanana, domin Caps Lock ya koma aikinsa na asali. Kwamfutar lafiyarta ƙalau. Da ya buga Ctrl da S kawai, da shafukansa shida suna nan.

Abin da ya fi ɓata mini rai ya zo washegari. Ya kai ta wurin wani mai gyara a kasuwa, wanda bai ko zauna ya duba ba ya ce ƙwayar cuta ce, sai an yi fomatin. Wannan kalma ta fomatin ta zama farasitamol a bakin wasu masu gyaranmu, kowane ciwo ita ce magani. Allah ya taimake shi kuɗin hannunsa bai kai ba, ya dawo da ita gida.

Dalilin matsalar ba wani ɓoyayyen abu ba ne. Tsarin X, wanda i3 da Openbox da Xfce suke zaune a kansa, tsoho ne: an fara shi a jami'ar MIT ta Amurka a 1984, sigarsa ta 11 da ake amfani da ita har yau kuma ta fito a 1987. Mai tsara tagogi yana gaya wa X ne cewa duk lokacin da aka buga haɗi kaza, a miƙo masa. Idan kwamfuta ta yi barci, ana barin wuta a ma'ajiyar aiki ta RAM, sauran sassa kuwa a kwantar da su. Da ta farka, sau da yawa kibod na USB yakan bayyana mata tamkar yanzu aka jona shi. Sai X ya ba shi tsarin da ke rubuce a fayilolin na'ura, ya manta da duk gyaran da aka yi da setxkbmap ko xmodmap lokacin shiga. Haɗin maɓallan na nan a wurin i3, babban maɓallin ne ya ɓace. Masu rubuta Hausa da tsarin kibod na ng mai nau'in hausa sun san wannan ta wata fuskar: ka farkar da kwamfuta ka tarar ƙ da ɗ da ɓ sun gudu, an bar ka da k da d da b. Ciwo ɗaya ne.

Akwai wasu dalilai biyu da ake yawan gani. Idan da haɗin maɓallai ka sa ta barci, tana iya kwanciya kafin ta ji ka saki yatsa, sai ta farka tana zaton har yanzu Alt ko Shift a danne yake. Wani lokaci kuma manhajar kulle fuska, irin su i3lock ko xscreensaver, ita ce ta riƙe kibod ɗin ta ƙi saki.

Duk waɗannan babu wanda ya kai a danne makunni. Dannewar nan ta daƙiƙa huɗu zuwa goma an tanade ta ne don ranar da komai ya tsaya cik, kuma yanke wuta ce ba sallama. Abin da ba a adana ba ya tafi. Fayil ɗin da ake cikin rubutawa yana iya lalacewa. Tsarin ajiye fayiloli na ext4 yana da littafin da yake kare fasalin faifai da shi, amma ba zai dawo maka da sakin layin da bai taɓa sauka a faifan ba. Ina mamakin mutumin da ba zai zare kilishi daga wuta da garaje ba, amma aikin wata uku yana yi masa haka.

In ta faru gare ka, fara da adanawa. Danna cikin rubutunka da linzami, ka buga Ctrl da S. Sannan ka bi maɓallan Shift da Ctrl da Alt da mai tambarin Windows, na hagu da na dama, ka taɓa kowanne sau ɗaya ka saki. Wannan kaɗai yana warware maƙalewa. In bai yi ba, buga Ctrl da Alt da F3. Baƙar fuska za ta fito ta tambayi sunanka da kalmar sirri, kada ka tsorata, tagoginka suna nan a baya. Daga nan za ka iya sake ba da umarnin setxkbmap ɗinka, ka fara da DISPLAY=:0 a gabansa. Haka ma i3-msg restart, wanda ke sake tayar da i3 ba tare da ya rufe tagogi ba. Mai amfani da bspwm maimakon i3 sai ya aika wa sxhkd siginar USR1 ya sake karanta tsarinsa. In mai kulle fuska ne ya maƙale, pkill da sunansa ya isa. Komawa kuwa da Alt da F7 ne, ko F1, ko F2, gwargwadon na'urarka. Da za a rubuta waɗannan a 'yar takarda a manna ƙarƙashin laftof, da an huta.

Maganin dindindin shi ne a daina ajiye tsarin kibod a umarnin da ake gudanarwa sau ɗaya lokacin shiga. A Debian da Ubuntu wurinsa /etc/default/keyboard. A Fedora da Arch kuwa localectl set-x11-keymap ne ke rubuta shi inda X zai karanta duk lokacin da ya ga sabon kibod. Na ɗan yayata layi ɗaya muka gyara, muka sa caps:super a XKBOPTIONS, muka sake kunna ta. Ya rufe murfi ya buɗe sau uku a gabana, kowane karo haɗin ya amsa. Shafuka shidan kuwa sai da ya kwana biyu yana sake rubuta su daga 'yan takardun da ya yi zayyana a kai.