Kafin ka ce "direba, ba ni in taɓa"

Damina ta wuce ta bar muku filin ƙwallon unguwa duk ramuka. Kun yi karo-karo, tifa ta juye jar ƙasa, an ɗauko hayar tarakta mai bokiti a gaba. Na san halinmu, yanzu wani zai ce a ba shi ya taɓa, wani kuma ya riga ya saita kyamarar waya. To ɗan tsaya.

Bokitin nan idan ya cika da ƙasa kuma aka ɗaga shi sama, nauyin motar gaba ɗaya ya koma sama da gaba. Taya ɗaya ta faɗa ɗan rami ko a sha kwana da gudu, sai ka ga tarakta ta kwanta a gefe. Shi ya sa gogaggen direba yake tafiya da bokiti ƙasa-ƙasa, a ƙaramar giya, kuma yakan rataya wani abu mai nauyi a baya, ko da garma ce, don kada tayoyin baya su yi sakayau.

Shi kansa bajewar, yawanci da ribas ake yin ta. Ka zazzaga ƙasar kaɗan-kaɗan kana tafiya, sannan ka sauke bokiti, ka ɗan karkata bakinsa, ka ja da baya a hankali yana sharewa. Kada ka kafa bakin a tsaye ka danna, za ka iya lanƙwasa sandunan da ke juya shi. Gara ka bi wuri sau biyar da ka yi gaggawa sau ɗaya. Kuma ka dinga waiwaye, don yaran unguwa ba sa jin "ku matsa".

Ka fara tambayar inda bututun ruwa ya bi, ka kuma duba wayar lantarki a sama.

Sai maganar da ta fi damuna: masu shiga cikin bokiti a ɗaga su don bidiyon TikTok. Wallahi ba kujera ba ce. Matsin mai ne kawai ke riƙe da shi a sama. Tiyo ya fashe ko gwiwar wani ta bugi liba, ya zubo da kai a gaban taya. Haka ma tsayawa a ƙarƙashinsa.

In za a tafi salla ko cin abinci, a ajiye bokiti a ƙasa, a ja birki, a kashe inji, direba ya tafi da makullinsa a aljihu.