Godiya a Lokacin Hunturu

Karatu: Farawa 8:15-22, 2 Timoti 4:9-21

Yaya gida, yaya sanyi? Mun san amsar da za ku ba mu: "Lokacinsa ne." Haka kowa yake amsa wannan gaisuwa, daga Jos har Zonkwa, daga Kaltungo har Biu. Amsa ce mai kyau, ko da yake yawancinmu muna faɗinta ne haƙora suna karo da juna, zuciya kuwa tana gunaguni.

Godiyar kaka ba ta da wuya. Ran nan kowa yakan shigo majami'a da rawa, wannan da damin dawa, wancan da doya ko kwaryar acha, zumuntar mata suna kaɗa tulu da caki. Amma bari Kirsimati ya wuce. Kuɗi sun ƙare, makaranta tana jiran nata a watan Janairu, yara suna tari, dunduniya ta yi faso, ruwan wanka kuwa sai an yi shawara da zuciya kafin a taɓa shi. A nan ne ake gane ko godiyarmu ta rana ɗaya ce ko ta shekara.

Bari mu fara da iskar kanta. Hunturu iska ce busasshiya da take tasowa daga hamadar Sahara, tana busowa daga arewa maso gabas, daga wajen ƙarshen Nuwamba zuwa Maris. Yawancin ƙurar da take rufe mana rana daga kwarin Bodele take fitowa, a arewacin ƙasar Chadi, inda dā can akwai babban tafki da ya ƙafe. Da yake babu laima a cikin iskar, zafin da ƙasa ta sha da rana yakan tsere da sauri da dare, shi ya sa asuba ta fi kowane lokaci ɗari. A kan tudun Filato abin ya fi tsanani, gama Jos tana kimanin mita 1,200 sama da teku, a waɗansu darare na Disamba da Janairu ma'aunin zafi yakan sauka ƙasa da digiri 10. Sanyin ƙasar Isra'ila dabam yake da namu, domin nasu da ruwan sama yake zuwa. A Ezra sura 10 mun ga jama'a zaune a fili a wata na tara suna rawar jiki, ruwa yana dukansu. Mu aƙalla Allah ya raba mana biyun.

To, ina ruwan Littafi Mai Tsarki da sanyi? Ku dubi Nuhu. Ya yi fiye da shekara guda a rufe cikin jirgi, shi da matarsa da 'ya'yansa uku da matansu, da dabbobi iri iri. Duk wanda ya taɓa kwana ɗaki ɗaya da akuya ya san abin da ake nufi. Da ya fito, bai fara da gina gida ba, bagade ya fara ginawa. A wurin nan ne Ubangiji ya yi alkawari cewa muddin duniya tana nan, lokatai ba za su fasa zagayowa ba, ya kuma ambaci sanyi a cikinsu tare da zafi, da shuka, da girbi. Ashe sanyin da muke kuka da shi yana cikin alkawarin. Duk shekarar da hazo ya sauko a kan kari, shaida ce cewa Allah bai manta da maganarsa ba, kuma wanda ya aiko da hunturu a lokacinsa zai aiko da ruwan shuka a nasa lokaci.

Hunturu yana yi mana aiki da yawa da ba mu lissafawa. Shi yake busar da masara da dawa har su shiga rumbu ba tare da sun yi fumfuna ba. Sauro yakan ragu. Mangwaro a cikin wannan sanyi yake yin fure, wanda yara za su yi ta jifa a watan Afrilu. Masu lambu a bakin tsofaffin ramukan kuza sun san kabeji da karas da dankalin Turawa sanyi suke so. Har ƙurar da mata suke sharewa sau uku a yini, in ta kwanta a gona tana ƙara wa ƙasa ɗan abin da shuka take ci. Yanzu ne kuma ake samun sarari a yi jinka, a gyara katanga, a kai wa dangi ziyarar da aikin gona ya hana.

Sai dabbobi. Karin Magana 27:23-27 ta gargaɗi maigida ya san halin da garkensa yake ciki, ta kuma tuna masa cewa daga wurinsu tufafi da madara da kuɗin sayen gona suke fitowa. Mu ma haka ne. Akuya ita ce bankin gwauruwa. Ɗan alade guda yakan biya kuɗin jarrabawa. Kaza takan karɓi baƙon da ya zo ba sanarwa. Sa'ad da ka buɗe ɗakin awaki da asuba, ka ji ɗumin jikinsu, ka ƙirga ka ga sun cika, ka sami abin yin godiya kafin ka wanke fuska. Mutane da yawa ba su taɓa sa dabbobinsu cikin addu'ar safe ba, suna gani kamar ƙaramin abu ne da bai isa a kai gaban Allah ba. Amma Farawa 8:1 ta nuna mana Allah ya tuna da Nuhu, ya kuma tuna da dabbobin da suke tare da shi, a sura ta 9 ma alkawarin bakan gizo ya haɗa da su.

Godiya domin dabba sai ta bayyana a yadda ake kula da ita. Wannan lokaci ne da ciyawa ta bushe, don haka harawar wake da ta gyaɗa da aka adana bisa rufi ko reshen itace yanzu take da rana, tare da dusa da ɗan kanwa. A toshe gefen ɗakin da iska take bugowa da zana ko tsohon buhu. 'Yan awaki da 'ya'yan alade da aka haifa cikin ɗari su ne suke fara mutuwa, a shimfiɗa musu busasshiyar ciyawa mai kauri. A ba su ruwa isasshe, gama iskar tana busar da su kamar yadda take busar da mu. Kaji kuwa, kun sani annobarsu da hunturu ta fi zuwa, wadda likitocin dabbobi suke kira cutar Niyukasil: kaza ta yi zugum, ta yi koren zawo, wuya ya murɗe, cikin mako guda akurki ya zama kango. Ba ta da magani in ta kama, amma tana da rigakafi, ana kuwa yinsa a nan Vom, a cibiyar binciken cututtukan dabbobi. Ana ɗiga shi a ido ko a sa cikin ruwan sha. Gidaje goma za su iya haɗa kuɗi su sayi kwalba ɗaya. Kuma kada a saki kazar da aka sayo a kasuwa cikin na gida sai ta yi mako biyu a keɓe.

Akwai wata kyauta da sanyi yake kawowa wadda babu lokacin da yake kawo irinta: yana tara iyali wuri ɗaya. Da zafi kowa yana waje. Da ɗari kuwa, daga kaka har jika kowa yana neman murhu, ana gasa gyaɗa, tukunyar gwate tana tafasa. A nan yaro yake jin tatsuniya da yaren gidansu, ko Berom ne, ko Ngas, ko Jju, ko Tangale, ko Bura, yaren da makaranta da kasuwa ba za su koya masa ba. Muna roƙonku, kafin wuta ta mutu, kowa ya faɗi abu ɗaya da Allah ya yi masa a yinin nan, da yarensa, ƙaramin gida ya fara. Za ku yi dariya, gama wani zai gode domin ƙanzo. Ku bar shi. Amma mu ja kunne: kada a shigar da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa da taga a kwanta. Gawayi yana fitar da wata iska marar wari wadda take kashe mutum cikin barci, ta kuwa sha hallaka gida ɗungum.

Mun san akwai masu jin mu da ba su da murhun da za su kewaye. A makon Kirsimati na 2023 aka kai hari ƙauyuka da dama a Bokkos da Barkin Ladi, aka kashe mutane, aka ƙone gidaje da rumbuna, waɗanda suka tsira suka kwana a makarantu da majami'u, a ɗaya daga cikin wurare mafi sanyi a Nijeriya. Ba za mu ce wa irin waɗannan su gode domin abin da aka yi musu ba, mugunta ce. Abin da 1 Tasalonikawa 5:18 take koya shi ne godiya a cikin kowane hali, wato ko a tsakiyar masifa mai bi yana da wanda zai ɗaga wa ido. Manzo Bulus da ya rubuta haka ya san ɗari. A wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Timoti, daga kurkuku, ya buɗe da gode wa Allah domin wannan saurayi. Kafin ya rufe kuwa ya roƙe shi ya taho masa da alkyabbar da ya bari a Taruwasa wurin Karbus, ya kuma hanzarta kafin lokacin sanyi, gama jiragen ruwa sukan daina tafiya a lokacin. Tsoho ne mai godiya, amma bai ji kunyar cewa yana bukatar mayafi ba, ya kuma san ta hannun ɗan'uwa Allah zai aiko da shi.

Shari'ar Musa ta ɗauki zancen mayafi da nauyi ƙwarai. A Fitowa 22:26-27 an umarci wanda ya karɓi mayafin maƙwabcinsa jingina ya mayar masa kafin rana ta faɗi, domin ba shi da wani abin rufa. Saboda haka yau da dare, in kun gama addu'a, ku ƙirga barguna da rigunan sanyi da suke gidan, har waɗanda suka yi wa yara kaɗan suna kwance cikin akwati. Abin da ya ragu, a kai wa shugabar zumuntar mata ran Lahadi. Ita ta san ɗakin tsohuwar da take kwana da zane ɗaya, ta kuma san inda baƙin da aka koro daga ƙauyukansu suka sauka.