Harbin da Ya Kuskure, Ƙofar da Ta Rufe

Jifa ɗaya aka yi, amma mai jan ragamar wasa ya yanke hukunci huɗu. Ya ce ɗan fasa-ƙwaurin da ya harbi sojan daular bai same shi ba, amma harbin ya dira kan maɓallin wata ƙofar ƙarfe, ta rufe, ta datse sauran sojoji a waje. Ya ce maharbin ya samu sararin laɓewa bayan akwati, sai dai wutar bindigarsa ta ƙare. Sabon ɗan wasan da ya yi jifar ya ce atafau bai yarda ba, domin alama mafi daraja a wasan nan, wato babban rabo, tana gabansa. Ta yaya zai kuskure?

Wasan shi ne Star Wars: Edge of the Empire, wanda kamfanin Fantasy Flight Games na jihar Minnesota a Amurka ya fitar a 2013. Ana zama a kewaye tebur, kowa ya ari bakin wani jarumi, ƙwayoyin jifa su raba gardama. Saɓanin ƙwayar lido, waɗannan ba lambobi ne a jikinsu ba, alamomi ne iri shida: nasara da faɗuwa, sa'a da tsautsayi, babban rabo da masifa.

Aka fara da tantance ƙwayoyin da ya jefa. Uku nasa ne: rawaya biyu masu fuska 12 na ƙwarewa, da koriya ɗaya mai fuska 8 ta baiwa. Uku na wahalar aikin ne: shunayya biyu da ja ɗaya. Rawaya ta farko ta nuna babban rabo, ta biyu sa'a biyu, koriya sa'a ɗaya. Shunayya guda ta kawo faɗuwa, ɗayar tsautsayi, ja kuwa masifa.

Daga nan aka shiga lissafin harbin. A dokar wasan, kowace faɗuwa tana cinye nasara ɗaya, kuma sai nasara ta yi saura ake cewa aiki ya yiwu. Babban rabo yana ɗauke da nasara ɗaya tak a cikinsa, masifa ma tana ɗauke da faɗuwa ɗaya. Nasara ɗaya ke nan gaban faɗuwa biyu. Soja ya tsira.

Laɓewar fa? Sa'a da tsautsayi lissafinsu daban ne, ba ruwansu da samu ko rashin samun soja. Tsautsayi ɗaya ya ci sa'a ɗaya, biyu suka rage, kuma sa'a biyu sun isa sayen ƙarin motsi kyauta.

Ɗan wasan ya sake tayar da ƙura: in haka ne, ai masifa ta cinye babban rabo, to ƙofar nan daga ina? A nan ne ƙullin yake. Nasarar da faɗuwar da ke cikin alamomin biyu ne kawai ake sokewa. Tasirinsu na musamman ba ya sokuwa. Kowanne fuska ɗaya yake da ita cikin 12, in kuwa suka fito tare, dukansu sai sun yi aiki. Masifa ta kashe bindiga, babban rabo ya rufe ƙofa.

Tambaya ɗaya ta rage: wa ya ce lallai ƙofa ce? Babu ƙwayar da aka zana wa ƙofa. Alama girman abin da zai faru kawai take faɗa, mutanen tebur ne ke raɗa masa suna. Tsarin, wanda Jay Little ya jagoranci ƙirƙirarsa, aka kuma sake fitar da shi da sunan Genesys a 2017, ya raba ikon biyu: tsautsayi da masifa na mai jan ragama ne, sa'a da babban rabo na mai jifa. Ashe ƙofar shawara ce aka ba baƙo don bai san haƙƙinsa ba. Da ya ga dama, da ya ce harbin ya kashe fitilun ɗakin, ya sulale cikin duhu.